Jami'ar Waseda ta Japan mai zaman kanta ce: shin takardarta tana da nauyi?

Baban Khadija, Kano

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka yi karatu a ƙasar Japan, ko suka zauna a can, ko suka karanci tarihinta. Ƙanena, wanda nake riƙo tun bayan rasuwar mahaifinmu, ya gama digirinsa na farko a fannin tattalin arziki, ya yi hidimar ƙasa, kuma yanzu Allah ya ba shi gurbin digiri na biyu a wurare biyu: ɗaya jami'ar gwamnati ce a wani lardi mai nisa da babban birni, ɗayar kuma ita ce Jami'ar Waseda da ke Tokiyo. Shi hankalinsa ya karkata ga Waseda, ni kuwa da na ji an ce mai zaman kanta ce sai jikina ya yi sanyi, domin a nan gida abin da aka saba ji shi ne yaro bai samu makin shiga ta gwamnati ba, iyayensa kuma suna da hali, sai a kai shi ta kuɗi. Ban ce duka haka suke ba, amma ba na son mu sayar da fili mu biya kuɗin suna kawai. Wane ne ya kafa wannan jami'a, me ya sa ya kafa ta, kuma yaya su mutanen Japan ɗin suke kallonta?

Malam Ɗanjuma, Zariya

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri bisa riƙon zumunci. Fargabarka ba laifi ba ce, sai dai mudun da ka ɗauko daga gida ba zai auna Waseda daidai ba, kuma tarihinta ne zai nuna maka dalili.

Wanda ya kafa ta shi ne Okuma Shigenobu, wanda aka haifa a 1838 a Saga, a tsibirin Kyushu, cikin gidan samurai, wato baraden da ke ɗaukar takobi a ƙarƙashin sarakunan gargajiya. Yana cikin matasan da suka riƙe ragamar ƙasa bayan juyin 1868 da ya mayar da mulki hannun Sarki Meiji, ya daɗe yana kula da baitulmali, kuma da hannunsa a fito da kuɗin yen a 1871. A 1881 ya kawo shawarar a gaggauta kafa majalisar dokoki irin ta Ingila, inda jam'iyyar da ta fi rinjaye ke kafa gwamnati. Abokan aikinsa, musamman Ito Hirobumi, suna son a tafi sannu a hankali bisa tsari irin na Jamus, wanda ya bar ƙarfi a hannun sarki da manyan ma'aikata, saboda haka suka haɗe masa kai suka fitar da shi daga gwamnati a watan Oktoba na wannan shekara. Kafin a cika shekara guda ya kafa jam'iyyar adawa, sannan ranar 21 ga Oktoba 1882 ya buɗe makaranta mai suna Tokyo Senmon Gakko da ɗalibai 80, a kusa da gidansa da ke wani ƙauye a bayan gari mai suna Waseda. Ma'anar sunan ita ce gonar shinkafa mai saurin nuna, kuma a lokacin gonaki ne zalla kewaye da wurin.

Ka ga ke nan ba ɗan kasuwa ne ya gina ta don neman riba ba, ɗan siyasa ne da aka kora ya gina ta don ya samar da masu ilimi waɗanda ba yaran gwamnati ba ne. Gwamnati ma ta fahimci hakan, ta ɗauke ta a matsayin sansanin renon 'yan tawaye, ta sa mata ido, ta kuma hana alƙalai da malaman jami'ar gwamnati zuwa koyarwa a cikinta, abin da ya kusa durƙusar da sashen shari'a. Okuma da kansa bai halarci bikin buɗewa ba, don kada a ce makarantar reshen jam'iyyarsa ce, kuma sai a bikin cika shekara 15, a 1897, ya fito fili a taronta. Wanda ya yi jawabi ranar buɗewa shi ne na hannun damansa, Ono Azusa, kuma abin da ya kafa a kai shi ne 'yancin ilimi: cewa ƙasa ba za ta tsaya da ƙafafunta ba sai iliminta ya tsaya da nasa. Wannan ba magana ce ta fatar baki ba, domin a wancan lokaci a Jami'ar Tokiyo ana koyar da manyan fannoni ne da harsunan Turai, su kuwa suka ce da Japananci za su koyar da siyasa da tattalin arziki da shari'a. Mu da har yau muke gardamar ko Hausa za ta iya ɗaukar kimiyya, wannan wuri ne da ya kamata mu tsaya mu duba.

Okuma ya koma gwamnati daga baya. A 1889, yana ministan harkokin waje, wani mai tsattsauran kishin ƙasa ya jefa wa keken dokinsa bam, aka yanke masa ƙafar dama. Ya zama firaminista sau biyu, a 1898 da kuma daga 1914 zuwa 1916. Makarantar ta ɗauki sunan Jami'ar Waseda a 1902, amma doka ba ta amince da ita a matsayin cikakkiyar jami'a ba sai a 1920, tare da kishiyarta Keio, bayan dokar jami'o'i ta 1918 ta buɗe wa masu zaman kansu ƙofa. Wato kusan shekara 40 tana yaye mutanen da ke cika gidajen jaridu da majalisa, alhali doka ba ta ɗauke ta cikakkiyar jami'a ba.

Game da nauyinta a yau, ya isa a lissafa firaministocin da suka fito daga cikinta bayan Yaƙin Duniya na Biyu: Ishibashi Tanzan, Takeshita Noboru, Kaifu Toshiki, Obuchi Keizo, Mori Yoshiro, Fukuda Yasuo, Noda Yoshihiko, sai Kishida Fumio da ya yi mulki daga 2021 zuwa 2024. Da yawansu sun koyi magana ne a ƙungiyar muhawara ta jami'ar, Yubenkai, wadda aka kafa a 1902. A fagen kasuwanci akwai Ibuka Masaru, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa Sony, da Yanai Tadashi mai Uniqlo, da Lee Kun-hee da ya shugabanci Samsung na Koriya ta Kudu. Tun 1905 ta buɗe sashe na musamman don ɗaliban ƙasar Sin, kuma Li Dazhao, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar kwaminis ta Sin, a can ya yi karatu, shi ya sa sunanta ya fi na jami'o'in gwamnati da dama amo a gabashin Asiya.

Injiniya Lawal, Sendai

Allah ya gafarta Malam, tarihin da ka kawo daidai ne, ba ni da ja a kansa. Amma ina so in ɗan ja wa Alhaji birki, don kada ya fita daga kuskure ɗaya ya faɗa wani. Ba a ce duk jami'a mai zaman kanta a Japan Waseda ce ba. Ƙasar tana da jami'o'i wajen 800, kuma kusan kashi uku cikin huɗu masu zaman kansu ne, haka ma ɗalibai, kusan kashi uku cikin huɗu a irinsu suke. To a cikin wannan tuli akwai na ƙwarai, akwai kuma waɗanda ke neman ɗalibi ido rufe, saboda haihuwa ta ragu: masu shekara 18 sun haura miliyan 2 a 1992, yanzu kuwa wajen miliyan 1.1 ne. A 2023 fiye da rabin jami'o'i masu zaman kansu ba su cika guraben da aka ware musu ba. Wani ɗan'uwana ya taɓa biyan wani dillali kuɗi ya samo masa gurbi a wata ƙaramar makaranta irin wannan, ya zo ya tarar ajin duk baƙi ne masu aikin dare, da safe rabinsu gyangyaɗi suke yi. Saboda haka abin da Alhaji yake tsoro yana nan a Japan ma, Waseda ce kawai ba ta cikinsa.

Abu na biyu shi ne, ko a wurin su Japanawa, saman tsani na jami'o'in gwamnati ne, musamman guda bakwai da ake kira tsofaffin jami'o'in daula: Tokiyo, Kiyoto, Tohoku, Kyushu, Hokkaido, Osaka da Nagoya. Yaro mai hazaƙa yakan sa Tokiyo a gaba, ya riƙe Waseda ko Keio a matsayin madogara. Kishida ɗin da Malam ya ambata sau uku yana faɗuwa jarrabawar shiga Jami'ar Tokiyo kafin ya shiga sashen shari'a na Waseda, kuma shi da bakinsa yake faɗa. Akwai dalili a tsarin jarrabawar: ta gwamnati tana neman darussa da yawa, har da lissafi da kimiyya ga mai son karanta adabi, ta masu zaman kansu kuwa yawanci darasi uku ne. Sai a 2021 sashen siyasa da tattalin arziki na Waseda ya wajabta lissafi, kuma a lokacin an yi ta magana a kai a jaridu.

A fannin bincike tazarar ta fi fitowa. Mafi yawan kuɗin bincike na gwamnati yana tafiya ga manyan jami'o'inta, malami ɗaya yana da ɗalibai kaɗan, kayan gwaje-gwaje kuma a wadace. Jami'a mai zaman kanta da kuɗin makaranta take rayuwa. Dokar 1975 ta ba gwamnati damar tallafa musu har rabin kuɗin gudanarwa, amma abin da ke zuwa hannu bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba. Waseda ba ta da sashen koyon likitanci, kuma binciken likitanci shi ne ke ɗaga jami'a a jerin gwanayen duniya, shi ya sa idan Alhaji ya duba irin waɗannan jerin zai gan ta ƙasa da yadda sunanta yake a gida. Ta kuma taɓa shan kunya a bainar jama'a: bayan badaƙalar binciken ƙwayoyin halitta ta 2014, ta janye digirin dakta da ta ba wadda ta jagoranci binciken, aka kuma sake duba yadda ake tantance kundin digiri a wannan sashe. Ba na hana ta haƙƙinta, domin a ɗakin gwajin Farfesa Kato Ichiro na Waseda aka ƙera WABOT-1 a 1973, mutum-mutumin inji mai siffar ɗan'adam da ake lissafawa a matsayin na farko irinsa. Amma da ƙanen naka sinadarai ko kimiyyar lissafi zai karanta, da ban yi jinkirin cewa ya tafi ta gwamnati ba.

Malama Hadiza, Abuja

Gaisuwa ga Alhaji da Malam da Injiniya. Na yi shekara biyu a Waseda ina digiri na biyu, saboda haka zan faɗi abin da ido ya gani. Maganar Injiniya gaskiya ce a fannin kimiyya, amma ƙanen Alhaji tattalin arziki zai karanta, kuma wannan shi ne gidan Waseda na asali, da shi aka buɗe ta a 1882. A 2014, da gwamnati ta zaɓi jami'o'i 13 da take son su yi gogayya da na duniya, biyu ne kacal masu zaman kansu a ciki, Waseda da Keio. Japanawa ma haɗa sunayensu suke yi su ce Sokei, kamar yadda ake haɗa sunan tagwaye.

Jami'ar tana unguwar Shinjuku. Idan ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Takadanobaba, tafiyar minti ashirin ce a ƙafa, tsakanin shagunan tsofaffin littattafai da ƙananan gidajen abinci masu arha da ke cika wa ɗalibai kwano. A tsakiyar harabar akwai gunkin Okuma sanye da rigar malanta, yana dogare da sanda saboda ƙafar nan da Malam ya ambata, yana fuskantar babban zauren taro da aka gama a 1927. Hasumiyar zauren tsawonta shaku 125 ne a ma'auninsu na da, wajen mita 38, domin Okuma ya yi imanin ɗan'adam zai iya rayuwa shekara 125 idan ya kula da jikinsa. Shi dai ya rasu a 1922 yana da shekara 83, amma jami'ar ta riƙe lambar, har ta yi gagarumin biki a 2007 da ta cika 125.

Inda na gane nauyin sunan shi ne lokacin neman aiki, wanda suke kira shukatsu. Tun kafin ɗalibi ya gama karatu, a watan Maris za ka ga harabar ta cika da baƙaƙen kwat iri ɗaya, maza da mata, kowa da baƙar jaka, kamfanoni kuma su ne ke zuwa har cikin makaranta suna tallata kansu. Manyan bankuna da gidajen jaridu da kamfanonin ciniki suna da tsofaffin ɗaliban Waseda a kowane bene, kuma al'ada ce ɗalibi ya nemi wanda ya riga shi fita, su sha shayi, ya faɗa masa yadda ake shiga. Wata rana ina neman ɗaki, mai gidan tsoho ne, yana ta jan ƙafa da ya ga baƙuwa da hijabi; da dillalin ya ce masa ɗalibar Waseda ce, sai ya gyara zama, ya ce shi ma ɗansa a can ya gama, aka kawo takarda muka sa hannu.

Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa wa ƙanen naka ba ɓoye-ɓoye. Girmar da Bajapane ke ba ɗan Waseda ta samo asali ne daga jarrabawar shiga digiri na farko da ake yi cikin sanyin Fabrairu, inda takardun nema ke kai wajen dubu 90 a shekara. Baƙo mai shiga digiri na biyu ta wata ƙofa yake bi, da takardunsa da tsarin bincikensa da ganawa da malamai, kuma masu ɗaukar aiki sun san bambancin. Abin da ke cike wannan giɓi shi ne harshe. Akwai darussa da Turanci, har da sashe guda da aka buɗe a 2004 wanda kusan duk karatunsa da Turanci ne, amma wanda ya gama bai kai matakin N2 ko N1, wato matakai biyu mafi girma a jarrabawar Japananci ba, sunan Waseda zai kai shi bakin ƙofa ne kawai. Na ga waɗanda suka yi shekara biyu ba su fita daga cikin 'yan'uwansu baƙi ba, suka koma gida da takarda mai kyau, ba su san kowa ba.

Baban Khadija, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Hankalina ya kwanta a kan asali, saura maganar aljihu. Nawa ne bambancin kuɗin? Kuma wannan Keio da kowa ke ambata, wace ce a cikinsu babba?

Malam Ɗanjuma, Zariya

Alhaji, wannan tambaya ta biyu da a Tokiyo ka yi ta, da ka tayar da gardamar da ba ta ƙarewa. Keio ce ta girme ta. Fukuzawa Yukichi ya fara ta a 1858 a matsayin 'yar makarantar koyon ilimin Turai ta hanyar harshen Holan, kuma hotonsa ne a kan takardar yen 10,000 daga 1984 har zuwa 2024. Shi bai taɓa karɓar muƙami a gwamnatin Meiji ba, ya tura ɗalibansa kasuwanci da masana'antu, shi ya sa har yau ake ganin Keio ta 'ya'yan masu hali ce da shugabannin kamfanoni, ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, Mita-kai, ta shahara da riƙon juna, tana kuma da sashen likitanci tun 1917. Waseda kuwa ana yi mata kallon ta yaran larduna masu kaifin baki, 'yan jarida da 'yan siyasa da marubuta, masu alfahari da cewa su ba 'yan fada ba ne. Yau wannan bambanci ya fi yawa a baki, domin yaran manyan makarantun Tokiyo ne ke cika duka biyun. Inda kishin ke fitowa fili shi ne wasan besbol da suke yi tun 1903, wanda zafinsa ya sa aka dakatar da shi daga 1906 har 1925. A Oktoban 1943, kafin a kwashi ɗalibai zuwa fagen yaƙi, jami'o'in biyu sun yi wasan bankwana, kuma da yawa daga cikin samarin wannan zamani ba su dawo ba.

Injiniya Lawal, Sendai

Kuɗin makaranta na jami'ar gwamnati yen 535,800 ne a shekara bisa ƙa'ida, da yen 282,000 na rajista sau ɗaya, ko da yake wasu sun ɗan ƙara. A Waseda digiri na farko ya haura yen miliyan 1 a shekara, fannin kimiyya da injiniya kuma ya fi haka. Na digiri na biyu ya danganta da sashe, saboda haka ya duba takardar da aka aiko masa. Amma babban rami ba kuɗin makaranta ba ne, hayar ɗaki ce, domin abin da zai biya a Shinjuku zai iya ninka na lardi. Doka ta ba ɗalibi baƙo damar aikin sa'o'i 28 a mako idan ya karɓi izini, wannan yana rage zafi amma ba ya ɗaukar nauyin karatu. Kafin a taɓa fili, ya nemi tallafin MEXT na ma'aikatar ilimi ta Japan, wanda ake nema ta ofishin jakadancinsu ko ta hannun jami'a, da kuma shirin ABE da aka ƙaddamar a 2013 don matasan Afirka masu digiri na biyu, wanda JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, ke gudanarwa. Dukansu suna aiki a jami'o'in gwamnati da masu zaman kansu.

Malama Hadiza, Abuja

Ƙari ɗaya, Alhaji. A digiri na biyu a Japan, ɗalibi a hannun malami guda yake, a cikin wani ɗan rukuni da suke kira zemi, kuma wannan malami shi ne zai duba kundinsa, shi zai rubuta masa takardar shaida, shi zai haɗa shi da mutane. Ka ce wa ƙanenka ya zauna ya karanta abin da malaman biyu suka wallafa, na Waseda da na lardin, ya rubuta wa kowannensu wasiƙa ya ga wanda zai amsa da kulawa, ya kuma tambayi inda ɗalibansu na baya suke aiki yanzu. Idan ya zaɓi Waseda, maganar abinci ba za ta dame shi ba, domin shagunan halal na Shin-Okubo tasha ɗaya ce daga Takadanobaba, masallacin Otsuka ma bai da nisa a layin jirgi ɗaya.

Baban Khadija, Kano

Madalla. Na karanta masa duka a daren jiya. Ya ce malamin Waseda ya riga ya amsa masa sau biyu, har ya gyara masa tsarin bincike, na lardin kuwa bai tuntuɓe shi ba tukuna, zai rubuta masa yau. Mun tsaya a kan cewa ba za a sayar da fili ba sai an ga sakamakon tallafin, kuma daga Litinin zai fara zuwa ajin Japananci.